Bandiri a Bakin Logon: Littafin Aiki

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024, Kusiri, arewacin Kamaru

Yau tsakar gidanmu ta bushe har an yi shanya, karo na farko tun watan jiya. Bari in buɗe littafin nan tun abin yana da ɗumi a kaina.

Ɗaukar murya ce sana'ata. Ina da ɗan ɗaki a bayan kasuwa, kwamfuta ɗaya da makirfo uku, ɗayan ma sai an naɗe shi da roba yake magana. Sha'irai ke cika min ɗaki in Maulidi ya ƙarato, sauran shekara kuwa masu tallan maganin gargajiya. Ban iya kiɗa ba, muryata kuma ko 'ya'yana ba sa marmarinta. Kunne kawai Allah Ya ba ni.

Asalin aikin nan dare ɗaya ne a kan jinga. Kogin Logon ya cika, kogin Shari ya cika, a bakin garinmu kuma suke haɗuwa, don haka duk namiji mai ƙafa ya fita cika buhu da ƙasa. Wajen ƙarfe biyu hannuwa suka mutu, baki ma ya mutu. Sai Baba mai bandiri, tsohon da ya haura saba'in, wanda aka ce ya zauna ya riƙe mana fitila, ya kifa bokitin roba ya fara bugawa. Ba baitin da muka sani ya ɗauko ba. Abin da idonsa ke gani yake kai wa Ubangiji ƙara: ga ruwa ya kai gwiwa, ga buhu ya ƙare, ga awakin wance a kan rufi. Mu kuma muna amsawa da sunan Allah, buhu na tafiya hannu zuwa hannu a kan bugun. Mai miƙo min Balaraben Shuwa ne. Wanda nake miƙa wa ɗan ƙabilar Musgum ne.

Baƙo ba zai ji nauyin wannan ba. A Agustan 2021, sannan a Disamba, an gwabza a ƙasar Logon-Birni tsakanin masunta da manoman Musgum da makiyaya Larabawa. A kan ruwa aka fara: masunta na haƙa ramuka don tare ruwa da kifi, shanu na zuwa sha suna faɗawa. Na Disamba ya tashi ranar 5 ga wata a ƙauyen Ulumsa, kwana uku ya iso Kusiri, aka ƙona kara, kasuwar shanu. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum kusan dubu 100 suka bar gidajensu, akasarinsu suka tsallaka Chadi. Ni ma na kwashi iyalina muka yi mako biyu a gidan surukaina a Njamena.

Mu Hausawan garin nan ba mu da saniya a fadama, ba mu da rami. Amma bandar da 'yan kasuwarmu ke lodi daga ramin nan take, naman da mahautanmu ke yankawa daga garken nan yake. In suka yi faɗa tukunyarmu ce ke kifewa. Kuma duka biyun suna shan shayi a rumfarmu.

To ga shirin. Za mu bi mutanen nan har inda suke, Baba ya ba su amshi, kowa ya roƙi Allah da harshensa a kan ƙasar da yake ci a ciki, ni in ɗauka. Abin da aka samu na kuɗi a sayi siminti a kafa turaku a inda burtali ke tsallaka ramukan kamun kifi, in masu wurin sun amince. Ba mu raɗa wa aikin suna ba tukuna.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Baba ya ce ba zai ɗaga bandiri ba sai an je wurin Malam. Muka je bayan la'asar, muka zube a buzu.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da muke tafe da shi." Na kwashe labari.

A kan bandiri bai yi gardama ba. Baƙadire ne, ya tuna mana cewa marigayi Shehu Nasiru Kabara na Kano ya kare kiɗan bandiri a zikiri da hujja, kuma malamin Baba a can ya koyo. Da na ambaci sarewar makiyaya sai ya ɗan gyara zama. Da na ce mata za su yi waƙa sai ya cire tabarau ya goge. Ƙarshe dai ya ce kada a kira abin zikiri, a kira shi roƙo, tunda roƙon Allah ba a hana bawa yin sa da bakin da yake da shi. Sannan ya ba mu abin da ya fi izini: hadisin da ke cikin Abu Dawuda, cewa an yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta.

Kafin mu kai bakin titi Baba ya riga ya ɗinka amshi, yana bugun cinyarsa:

*Ruwa na Allah, ciyawa ta Allah,*
*wutar da muka ɗebo ma ta Allah.*

Ƙanena, wanda ba ya zuwa Maulidi, ya saurara ya ce duk bidi'a ce daga farko har ƙarshe. Daga nan ya shiga ɗaki ya fito min da babban batirinsa mai cajin rana, ya ce in ya lalace in biya. Shi ke nan, ya shiga aikin.

Baba ya kafa doka biyu. Ba a rubuta baiti. Ba a kuma maimaita ɗauka. Na ce, "Baba, in mota ta wuce ko wani ya yi tari fa?" Ya ce, "Ɗana, ka taɓa jin an shafa addu'a an ce a sake, ba ta fito da kyau ba?"

Asabar, 14 ga Disamba, bayan dawowa daga yankin Zina

Kwana huɗu muka yi. Da kwalekwale mai inji muka tafi, don har yanzu hanyar ƙasa laka ce.

Wanda bai taɓa ganin yayre ba, fadama ce wadda ido ba ya kai ƙarshenta. Logon na tumbatsa da damina ya malale ta, kifi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai ya yi ƙiba, sai ruwa ya fara janyewa a irin wannan lokaci, kifi ya biyo shi zai koma kogi. A nan masunta ke jiran sa. Kowane gida mai hali ya haƙa doguwar magudana daga wani tafki zuwa kogi, ya ɗaura taru kamar jaka a bakinta. Na tsaya a bakin ɗaya da asuba ana ɗaga tarun, mutum huɗu suna nishi, tarwaɗa da karfasa na tsalle har laka ta fantsar min a makirfo. Magudanar nan gado ce, ana sayar da ita, ana ba da ita jingina. Da ruwa ya gama janyewa ciyawa sabuwa ke tsirowa, garkunan Larabawa da na Fulani su shigo daga nesa. Ƙasa ɗaya ce, kowa da watansa. Matsalar ita ce magudanan sun yawaita har saniya ba ta tafiya mai nisa ba ta ci karo da ɗaya ba, in kuma garke ya bi ta kai ya rusa bakinta, aikin shekara ya tafi.

Tsofaffi a can ba sa fara labari daga 2021. Daga 1979 suke farawa, shekarar da aka gina madatsar Maga don aikin shinkafa na kamfanin gwamnati SEMRY, aka kuma yi jinga a gefen kogi. Shinkafar na ciyar da jama'a da dama, ba mai musun wannan. Amma ruwan da ke sauka fadama ya ragu, fari kuma ya zo ya ƙara, tafkuna suka ƙafe, ciyawar burugu ta mutu a wurare, har namun dajin Waza suka ji a jikinsu. A 1994 wani shiri na ƙungiyar kare muhalli ta duniya, IUCN, ya sake buɗe wani rafi da aka toshe, ruwa ya koma wani yanki. Mutanen da suka watse suka dawo, da 'ya'yansu, da waɗanda ba su taɓa zama nan ba.

Mun yi zaton maza za su yi waƙar. Suka tura mu wurin wata tsohuwa, kowa Inna yake ce mata, ni ma haka. Ta sa aka kifa ƙwarya a cikin kwano mai ruwa, jikarta na bugawa da ludayi, sautin na fita kamar daga cikin rijiya. Baba ya ba da amshi da Hausa, wani ya juya mata shi da Larabcin Shuwa, ta gyaɗa kai, ta shiga da Musgum. Minti 26 ba ta tsaya ba. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na ga wani dattijo ya juya baya yana share ido da bakin riga.

A kwalekwale ɗan rakiyarmu ya fassara min. Sunayen tafkuna take jerawa, ɗaya bayan ɗaya, tana ce wa Allah Shi Ya ba su, ta faɗi wane kifi ke kwana a wane, wa ya nutse a wane. Sha tara ta kira. Bakwai a cikinsu yau ko kwaɗo ba ya kwana.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Ranar haushi.

Mun sami wani mashekari na Larabawa da suka shigo fadama, da 'yan gidajen Fulani kusa da su. Hunturu na busawa, na sa wa makirfo safar ƙafa don iska. Dattijon rugar, Abba suke ce masa, ya karɓe mu da madara mai ɗumi, ya ce bayan isha. Wani saurayi Bafulatani ya zo da sarewar kara. Wuta na ci, shanu na tuƙa a bayanmu, Baba ya sassauta bugu har ya zama kamar tafiyar saniya mai ciki, Abba ya shiga da murya can ƙasa. Tun da nake ɗaukar murya ban taɓa jin abu irin wannan ba.

Minti arba'in. Da aka shafa na duba na'ura: wayar makirfo ta zare tun farko. Ba abin da ya shiga sai shuuu.

Na kalli Baba, ya kalli wuta. Na daure na roƙi Abba. Ya yi dariya ya ce wancan ya riga ya isa inda aka aike shi, amma in na kwana zai yi wani. Na kwana, sanyi ya ci ƙashina. Na safe bai kai na dare ba, ko kusa, sai dai shi ma jerin wurare ne: mashaya, makwanta, burtalin da kakansa ya bi daga arewa, da inda yanzu gonar masakwa ta toshe.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Mun taka wuta ba mu sani ba.

Na zaunar da masu fassara biyu a ɗaki ɗaya don mu rubuta ma'anar waƙoƙin. Ana cikin na Abba sai mai fassarar Musgum ya ɗaga hannu ya ce a mayar baya. Tafkin da Abba ke kwatantawa, mai tsamiya biyu a gabas, shi ne na sha ɗaya a jerin Inna. Suna daban, wuri ɗaya. Inna ta ce, "inda ubana ya haƙa da hannunsa." Abba ya ce, "inda shanun kakana suka sha tun ba a san haƙa ba." Kowannensu Allah yake gaya wa, ba ɗan'uwansa ba. Amma ranar da muka saki wannan a wayoyi, ba Allah kaɗai zai ji ba. An kuma taɓa zub da jini a kusa da wurin.

Ba zan rubuta sunan tafkin a nan ba. Duk wanda na rubuta, na zaɓi gefe.

Ƙanena ya ce a yanke baitocin biyu, minti ɗaya ne a kwamfuta. Gaskiya ni ma can zuciyata ta karkata. Baba ya ce in aka yanke ya fita, don ba zai sa hannu a gyara wa mutum addu'arsa ba. Muka koma wurin Malam. Ya ce hadisin da ya ba mu yana da ɗan'uwa a Buhari da Muslim, wanda ya hana a riƙe rarar ruwa don a hana dabba kaiwa ga ciyawa. Amma malaman fiƙihu sun kuma san haƙƙin wanda ya yi wahala ya haƙa. Wato kowa da abin kamawa. Na ce, "To Allah gafarta Malam, a yanke ko a bari?" Ya ce, "Masu muryar suna raye. Me ya sa kake tambayata?"

Juma'a, 21 ga Fabrairu, Njamena

Na hau kilando, wato babur na haya, zuwa gadar Ngeli, na tsallaka da memori a aljihun gaba kamar mai ɗauke da zinariya. Akwai wani abokin sana'a a nan da ya fi ni kayan aiki, mutumin kudancin Chadi ne, Kirista, shi ke buga balafon, wani abin kiɗa na jerin katako, a cocinsu. Ya tace min iskar da ta shiga na Abba. Da ya ji amshin sau uku sai ya jawo balafon ɗinsa ya bi shi a hankali, ba tare da ya tambayi ma'ana ba. Na ɗauka. Ko zai shiga faifan, sai abin da Baba ya ce.

Shi ya haɗa ni da wani Bature mai fitar da irin waɗannan waƙoƙi a intanet, abin da suke kira kiɗan duniya, sashen na ibada. Mun yi magana ta WhatsApp da guntun Faransancina. Mutumin kirki ne a baki, kuɗin da ya ambata kuma zai sayi siminti mai yawa. Abu biyu suka tsaya min a wuya.

Na farko, hoton bango. Yana son busasshiyar ƙasa mai tsaga, da kwalekwale kife a kan yashi, da rubutu cewa Tafkin Chadi na mutuwa. Na ce masa wata huɗu da suka wuce a kan jinga nake kwana. A 2022 ruwa ya ci unguwanni a Njamenan nan har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, a 2024 ya kashe ɗaruruwa a Chadi, ya karya gada a garin Yagwa na Kamaru. Abin da ke damun mu ba rashin ruwa kaɗai ba ne. Ruwan ne ya daina cika alkawari: bana ya yi yawa, baɗi ya ƙi zuwa, mai rami da mai garke duk lissafinsu ya rikice, sai su hau juna. Wannan ba ya shiga hoto ɗaya, shi ya sa ba a son sa.

Na biyu, takardar. Ni zan sa hannu a madadin kowa, su riƙe waƙoƙin shekaru. Wa ya ba ni muryar Inna da zan sayar?

Abin da na ƙaru da shi a tafiyar nan daga bakin ƙanwar abokin nawa ya fito. Ta ba ni labarin Hindu Umaru Ibrahim, 'yar Mbororon Chadi mai ƙungiyar matan Fulani ta AFPAT, wadda ta yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar sa hannu kan yarjejeniyar yanayi ta Paris a 2016. A yankin Baibokum ta tara makiyaya da manoma suka gina taswirar ƙasarsu da hannu, mai tudu da kwari, kowa ya zo ya nuna mashayarsa da hanyarsa, maza da mata. Ina jin haka na ce a raina: ashe taswira muke ɗauka tun Disamba, mu muna cewa waƙa.

Asabar, 15 ga Maris, tsakiyar azumi

Baba ya rataye bandiri sai bayan Sallah. Ni kuma na samo babban kwalin firiji na shimfiɗa a ɗaki, bayan tarawihi ina zana kogi da tafkuna, jan biro na Inna, shuɗi na Abba. Wurare 31 ke nan. Biyar suna da launi biyu.

Kawuna ya zo shan ruwa ya tarar da ni a durƙushe a kai. Shi a Darak, can a Tafkin Chadi, ya yi ƙuruciyarsa yana fataucin banda. Ya ce wannan ai wasan yara ne, a tafki ƙasar ma tafiya take. A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita dubu 25. Bayan farin 1973 da na 1984 ko kashi ɗaya cikin goma bai kai ba. Ruwa na ja da baya, masunta na bin sa, Hausawa da Barebari da wasu, suna kafa gari a inda jiya kifi ke iyo. Haka aka wayi gari mutanen Najeriya na zaune a ƙasar da taswira ta ce ta Kamaru ce, har sai da kotun duniya ta yi hukunci ranar 10 ga Oktoba 2002, aka miƙa wa Kamaru Darak a ƙarshen 2003. Ya ce, "Ƙasashe biyu da lauyoyinsu sai da suka je Turai a kan tafki. Kai kana so ka raba naka da bokiti da biro."

Na ce, "Kawu, ba rabawa zan yi ba, kunna musu kawai zan yi."

Ya ce in tafi da man zafi, don gudu.

Laraba, 2 ga Afrilu

Lissafi bayan Sallah. An kashe sefa 187,000, yawanci man kwalekwale da goron masu fassara. An samu 240,000 daga 'yan kasuwar banda da mahauta, bayan na kunna musu amshin kaɗai a rumfa. Sarkin fawa ya ba da nasa ya ce kada a faɗi nawa ne. Batirin ƙanena ya kumbura. Ban gaya masa ba tukuna.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Jiya aka yi zaman, a ƙofar wani bulama da ɓangarorin biyu ke ganin girmansa. Sai da muka yi sawu uku kafin ya yarda, ya kuma sanar da hukuma, aka turo jandarma biyu suka zauna a inuwa da nisa. Zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa. Maza wajen arba'in, Musgum a hagu, makiyaya a dama, fili a tsakiya kamar an share don dambe. Mata na bayan zana.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ba mu zo da magana ba. Muryar mutanenka muka kawo maka." Na ɗora sifika a kan turmi.

Na Inna na fara sawa, ana fassarawa baiti-baiti. Da aka zo tafki na sha ɗaya na ji bayana ya jiƙe. Ba wanda ya motsa. Na sa na Abba. Da ya kai "tun ba a san haƙa ba" wani saurayi a hagu ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya faɗi wata kalma da ba a fassara min ba, ya tafi. Biyu suka bi shi.

Sai Abba ya ce a sake sa na tsohuwar. Aka sa. Ya saurara ido rufe, yana lanƙwasa yatsu. Da ta gama ya ce ta manta ɗaya: akwai wani ƙaramin tafki tsakanin na shida da na bakwai, inda yana yaro wata mata Musgum ta ba shi gasasshen kifi ranar da ya ɓata da maruƙa. Daga bayan zana muryar Inna ta fito, da Larabci, ba ta jira an ba ta izini ba: ba ta manta ba, wannan tafkin ya ƙafe tun kafin a yi mata aure, ba ta kiran matacce cikin masu rai. Ya ce ai ta kira bakwai matattu. Ta ce waɗancan tana sa ran su dawo.

Aka yi dariya, ba da yawa ba, amma an yi. Na jawo kwalin firiji na shimfiɗa a filin tsakiya. Cikin minti goma ba hagu ba dama, duk kawuna sun haɗu a kansa ana min gyara: wannan ba nan yake ba, kogin ma ka karkata shi. Awa uku ana musu a kan ina abu yake, wanda ya fi musu a kan na wane ne sauƙi nesa ba kusa ba.

Kada in ƙara gishiri. Cikin wurare biyar masu launi biyu, biyu kawai aka daidaita: za a bar mashigin shanu mai faɗi, masu magudana su rufe wannan gaɓar da itace da ƙasa in sun gama kamun kifi, a kafa turaku a gefe biyu. Biyu an ɗage sai an nemo masu wuraren. Tafki mai tsamiya biyu kuwa bulama ya ce kada a taɓa shi yau.

Da za a tashi Baba ya ɗauki bandiri ya rufe taro. Ya sa sunayen tafkin duka biyu a baiti ɗaya, yana juya su, wannan gaba yanzu, wancan gaba anjima. Na ce a raina tsohon nan ya gama da su. Muna haɗa kaya wani ya matso ya ce min a kunne: ya ƙirga, sunan Larabawa sau shida ya fito, nasu sau biyar.

Asabar, 24 ga Mayu

An kafa turaku 14 a mashigi na farko, an shafa musu farin fenti. Na biyu na jiran siminti, kuɗi ya ƙare. Ɗaya daga cikin samarin da suka fice daga taro yana cikin masu kwaɓa simintin, a kan lada dai, ba don Allah ba, kuma bai gaishe ni ba.

Inna ta yarda a saki nata yadda yake, da sharaɗin a fara kunna shi a garinsu kafin ko'ina, kuma rabonta a ba jikarta mai ƙwarya. Na ɗauki yardarta da muryarta, tunda ba ta sa hannu a takarda. Abba kuwa hadari ya fara haɗuwa, sun ɗaga da garke kafin in isa, lambar ɗansa ba ta shiga. In ba a dace ba sai sun dawo fadama a Disamba. Don haka faifan na nan a kwamfuta, Bature ya aiko saƙo sau biyu ban amsa ba. Balafon ɗin abokina Baba ya saurara ya ce a bar shi, amma a ƙarshe, bayan an shafa.

Fatar bandirin Baba ta tsage da zafin makon jiya. Ya ce kada a saya a kasuwa, a jira layya, yana son ta akuyar da ya san mai ita. Saura mako biyu. Na yi wa sarkin fawa magana. Gobe kuma zan je in gaya wa ƙanena zancen batiri.